Sayen sabuwar mota a Amurka: rangwamen kamfani, bashin dila da sauya bashi daga baya

Duk wanda ya shiga wurin dillalan motoci a Amurka, kafin ya gama zama za a tambaye shi nawa yake so ya riƙa biya a wata. Kada ka amsa wannan tambayar. Ana yin ta ne don a haɗa maka ciniki uku a dunƙule: farashin motar, tsadar bashin, da kuɗin tsohuwar motarka idan za ka bayar a yi musaya. Da zarar an dunƙule su ba za ka ƙara sanin ta inda ake cin ka ba, domin dala 450 a wata ana iya fitar da ita daga mota mai araha a shekara biyar, ana kuma iya fitar da ita daga mota mai tsada a shekara bakwai. Abin da za ka riƙe shi ne jimillar da za ta fita daga aljihunka daga ranar sa hannu zuwa ranar biya na ƙarshe.

Wannan jagorar ta 'yan uwa ce mazauna Amurka masu niyyar sayen sabuwar mota ƙirar salun, irin su Camry, Accord, Corolla, Civic ko Elantra. Mai sayen irin wannan motar yana da ɗan ƙarfi a hannunsa, saboda zuciyar Amurkawa ta koma kan jif-jif da a-kori-kura. Ford ta daina ƙera Fusion a 2020, Chevrolet ta rufe babin Malibu a ƙarshen 2024. Kamfanonin da suka rage a wannan fagen suna neman masu saye, kuma da rangwame da bashi mai sauƙin ruwa suke jawo su.

Mataki na farko: ka san matsayinka kafin dila ya sani

Kuɗin ruwan da za a yanka maka ya dogara ne kan makin kiredit ɗinka, wato makin da ke nuna yadda kake biyan bashi, wanda a ma'aunin kamfanin FICO yake tsakanin 300 da 850. Kamfanoni uku ne ke ajiye tarihin bashin mutane: Equifax, Experian da TransUnion. Kana da ikon duba rahoton kowannensu kyauta a shafin AnnualCreditReport.com. Ka duba wata ɗaya ko biyu kafin ka fara yawon neman mota, domin idan akwai kuskure, gyaransa na iya ɗaukar kwana talatin. Mu da sunayenmu suke yawan kama da juna, Muhammad da Abubakar da Ibrahim, ya kamata mu fi kowa lura, kada a jingina maka bashin wani. Idan katin bashinka ya kusa cika, ka rage shi kafin ka nemi rancen mota, makinka zai ɗaga.

Daga nan ka nemi takardar amincewar rance daga waje, wato daga bankinka ko daga ƙungiyar ajiya da lamuni, wadda aka fi sani da kiredit yuniyon. Waɗannan ƙungiyoyin na mambobinsu ne, sau da yawa ruwansu ya fi na banki sauƙi, kuma waɗanda suke da rajistar tarayya ba sa wuce kashi 18 cikin ɗari a irin wannan rancen. Ka nemi wuri biyu ko uku. Mutane na tsoron cewa yawan nema zai zubar musu da maki, amma FICO tana lissafa duk neman rancen mota da aka yi a ɗan tsakani ɗaya a matsayin nema guda. Tsofaffin tsarinta kwana 14 suke bayarwa, sababbi kwana 45. Ka kammala komai cikin mako biyu, ka huta.

Wannan takardar ita ce abin da za ka auna duk tayin dila da shi. Wanda ya je babu ita, duk ruwan da aka faɗa masa sai ya ɗauka shi ne na kasuwa.

Maganar riba

Da yawa daga cikinmu tun a nan za su tsaya, kuma da gaskiyarsu. Wanda ya saba da tsarin murabaha irin na bankin Jaiz a gida, inda banki ke sayen motar sannan ya sayar maka da sananniyar riba, zai tarar cewa irin wannan tsarin ga mota bai yawaita a Amurka ba. Majalisar fiƙihu ta ƙasa da ƙasa da ke Jidda ta zartar tun 1990 cewa ya halatta farashin biya daki-daki ya fi na biya nan take. Sai dai kwantiragin dilan Amurka yana zuwa da wasu abubuwa: ana sayar da bashin ga kamfanin kuɗi, ruwan yana ƙaruwa da kwanaki, akwai kuma tarar jinkiri ko da ruwan sifili ne. Malamai sun yi saɓani a kan waɗannan. Ka karɓi kwafin kwantiragin da ba a cike ba ka kai wa malamin da ya san tsarin ƙasar, kada ka tambaye shi da baki kawai.

Idan ka yanke shawarar biya gaba ɗaya, lissafinka ya yi sauƙi: rangwamen kuɗi naka ne. Sai dai kada ka bayyana cewa kuɗi hannu za ka biya sai an gama tsayar da farashi, domin dila na samun kaso mai tsoka daga bashi, in ya san babu wannan zai taurare a farashi. In kuma tsabar takardun kuɗi ka kawo sama da dala 10,000, dole dila ya cike fom mai lamba 8300 na hukumar haraji. Ba laifi ba ne. Laifin shi ne rarraba kuɗin don kauce wa fom ɗin.

Mataki na biyu: tsayar da farashi shi kaɗai

A gilashin kowace sabuwar mota akwai takardar da doka ta tilasta tun 1958, wadda ke ɗauke da sunan Sanata Mike Monroney na jihar Oklahoma. Tana nuna farashin da kamfani ya ba da shawara, kayan da ke cikin motar, da kuɗin dako daga masana'anta. Kuɗin dakon nan ba a ciniki a kansa. Amma idan ka ga wata ƙaramar takarda a gefenta, ta dila ce, ba ta kamfani ba. A nan ake lissafa baƙin gilashi, iskar taya ta musamman, maganin fenti, da ƙarin farashi da sunan yanayin kasuwa. Wannan ƙarin ya yi tashe a 2021 da 2022 lokacin da ƙarancin ƙananan na'urorin lantarki ya sa motoci suka yi wuya. Duk abin da ke kan takarda ta biyu abin ciniki ne, ko a cire shi ko ka tafi wani wurin.

Hanya mafi sauƙi ita ce kada ka yi cinikin a tsaye. Ka aika wa dilolin da ke kusa da kai saƙon imel, huɗu ko biyar, ka faɗi ainihin motar da kake so, shekararta da ajinta da launinta, ka ce a turo maka jimillar ƙarshe a rubuce, da haraji da rajista da kuɗin takardu da komai, a jere layi-layi. Wanda ya ce sai ka zo tukuna, bar shi. Mafi arha a cikinsu ka nuna wa sauran.

Kuɗin takardu yana da ban mamaki. A Kalifoniya doka ta ƙayyade shi a dala 85, a New York dala 175, amma a Fulorida babu iyaka, yakan kai kusan dala dubu. Dila zai ce ba zai iya cire shi ba. To, ya rage farashin motar daidai da shi.

A cikin jerin da aka turo maka, ka tabbata ragin dila daban yake, rangwamen kamfani daban. Wannan wuri ne da ake yawan yi wa mutane rufa-rufa. Rangwame kuɗin kamfanin da ya ƙera motar ne, a kowane dila ka saya za ka same shi. Idan dila ya ce ya rage maka dala 2,000 alhali dala 2,000 ɗin rangwamen kamfani ne, bai rage maka ko sisi daga nasa ba. A yi ragi tukuna, sannan a cire rangwame.

Tsohuwar motarka kuwa, ka samo tayin sayenta a rubuce daga wurare irin su CarMax ko Carvana kafin ka je, kuma kada ka kawo maganarta sai farashin sabuwar ya tsaya. A yawancin jihohi ana cire kuɗin tsohuwar kafin a lissafa harajin sabuwar, don haka ko da tayin dila ya ɗan gaza na waje, musayar na iya fin riba. Kalifoniya ba ta cikin masu yin wannan sauƙin.

Mataki na uku: rangwame ko bashi mai sauƙin ruwa

Nan ne zuciyar maganar. Kusan kowane kamfanin mota yana da nasa reshen ba da rance: Toyota Financial Services, Honda Financial Services, Hyundai Motor Finance da sauransu. Ta nan ake fitar da tallan ruwa sifili, ko kashi 1.9, ko 3.9. Galibi za a ce ka zaɓi ɗaya, ko rangwamen kuɗi ko sauƙin ruwa, ba a haɗa maka biyun. Tayin yana canzawa wata-wata, kuma ya bambanta daga yanki zuwa yanki, don haka ka shiga shafin kamfanin ka sa lambar unguwarku ka karanta ƙananan rubutun da ke ƙasa. A can za ka ga cewa sauƙin ruwan na masu maki mai kyau ne sosai, kuma sau da yawa na gajeren zango ne, wata 36 ko 48.

Ba a zaɓa da ido, sai da lissafi. Ga misali da alƙaluman da na ɗauka don bayani kawai. A ce abin da za ka ranta dala 30,000 ne, na wata 60. Kamfani ya ce ko rangwamen dala 2,000 ko sauƙin ruwa. Takardar da ka zo da ita daga waje ta kashi 6 ce.

In ka ɗauki rangwame, za ka ranci dala 28,000 a kashi 6. Biyan wata kusan dala 541, jimilla kusan dala 32,480.

In sauƙin ruwan sifili ne, dala 500 a wata, jimilla dala 30,000. Ya fi rangwamen da kusan dala 2,480.

In kashi 1.9 ne, kusan dala 525 a wata, jimilla kusan dala 31,470. Har yanzu ya fi rangwamen da kusan dala dubu.

In kashi 3.9 ne, kusan dala 551 a wata, jimilla kusan dala 33,070. A nan rangwamen ya yi gaba da kusan dala 590.

Ka ga kenan amsar tana juyawa da ɗan motsi kaɗan. Tana kuma juyawa da yawan kuɗin da ka ajiye na kafin alƙalami. A ce ka ajiye dala 15,000. Da ruwa sifili, sauran dala 15,000 za ka biya. Da rangwame, dala 13,000 za ka ranta, kuma in ka biya ta cikin wata 36 a kashi 6, jimillar kusan dala 14,240 ce. Rangwamen ya doke ko da ruwa sifili. Dalilin a fili yake: sauƙin ruwa yana amfani ne gwargwadon girman bashi da tsawonsa, shi kuwa rangwame adadinsa ɗaya ne ko bashin babba ne ko ƙarami. Mai babban kafin alƙalami, ko mai niyyar biya da wuri, rangwame ya fi masa. Mai ƙaramin kafin alƙalami da zai kai ƙarshen wa'adi, sauƙin ruwa ya fi masa.

Akwai ɗan abin da ke rage wa rangwame daraja: jihohi da yawa suna lissafa haraji ne a kan farashin kafin a cire shi. Bai cika canza hukunci ba, amma ka duba yadda aka rubuta a jerinka.

Sai ƙananan rangwame da ake iya ɗorawa a kan babban: na waɗanda suka gama jami'a kwanan nan, na sojoji, na wanda yake da motar kamfanin tun da, da na wanda ya baro wani kamfanin. Yawanci ɗaruruwan daloli ne, irin su 500. Ka tambaya, ba kowane mai sayarwa ne zai tuna maka ba. Ka kuma kula da tallan da ya tara dukkansu ya cire daga farashi, kamar kowa soja ne kuma ɗalibi. A ƙarshen bazara zuwa kaka, lokacin da motocin sabuwar shekara ke shigowa, rangwamen waɗanda suka rage yakan ƙaru.

Mataki na huɗu: ofishin kuɗi

Bayan an sallama maka motar za a kai ka wani ƙaramin ofis wurin manajan kuɗi. Mutane da yawa a nan suke sakin jiki, alhali a nan ne dila ke neman mayar da abin da ya rage maka.

Ga yadda bashin dila yake aiki. Ba dila ne ke ba ka kuɗin ba. Yana tura bayananka ga masu ba da rance, su ce sun yarda a kashi kaza. Shi kuma yana da damar ɗora wani abu a kai kafin ya faɗa maka, sau da yawa har zuwa kashi 2 ko 2.5, kuma yana da rabo a wannan ƙarin. La'ada ce, sai dai ba a gaya maka ita, kuma daga jikinka take fita. A rancen dala 30,000 na wata 72, bambancin kashi 6 da kashi 8 bai wuce dala 29 a wata ba, amma a jimilla ya haura dala 2,000.

Wannan ya shafe mu kai tsaye. A Disambar 2013 hukumar kare masu hulɗar kuɗi ta CFPB da ma'aikatar shari'a sun sa kamfanin ba da rance na Ally ya biya dala miliyan 98, bisa zargin cewa baƙaƙen fata da wasu tsiraru sun biya ƙarin ruwa fiye da fararen fata masu maki irin nasu. Rassan rance na Honda a 2015 da Toyota a 2016 su ma sun yi sulhu a kan irin wannan zargin. A 2018 majalisar dokoki ta soke ƙa'idar da hukumar ta fitar a kan lamarin. Dokar da hukumar kasuwanci ta FTC ta tsara don hana dilolin ɓoye farashi da cusa kayan ƙari ita ma kotun ɗaukaka ƙara ta rushe ta a Janairun 2025 tun ba ta fara aiki ba. Ni a ganina, mutumin da ya shigo da baƙon harshe da baƙon suna bai kamata ya jira wata hukuma ta tsare shi ba. Ya zo da takardarsa.

Ka ajiye takardar a gabansa ka ce in zai iya kawo ƙasa da wannan, a adadin watanni ɗaya, za ka karɓi nasa. Sau da yawa zai iya, kuma babu aibi a karɓa. Bashin dila ba abin gudu ba ne in ya fi araha. Ka kwatanta da ma'aunin APR, wato tsadar rancen a shekara da kaso cikin ɗari, wanda dokar 1968 ta bayyana gaskiyar rance ta tilasta a rubuta shi, tare da jimillar ruwa, adadin da aka ranta, da jimillar biya. Waɗannan akwatunan suna saman kwantiragi. Su za ka fara karantawa.

Za a yi maka tayin tsawaita wa'adi don biyan wata ya sauka. Dala 30,000 a kashi 7 na wata 60 tana jawo ruwan kusan dala 5,640. A wata 84, biyan wata ya sauka daga kusan dala 594 zuwa 453, amma ruwan ya haura dala 8,000. Ga kuma wata matsalar: darajar sabuwar mota tana faɗuwa da sauri a shekarun farko, bashi mai tsawo kuwa yana raguwa a hankali, sai ka daɗe ana bin ka fiye da abin da motar za ta yi a kasuwa. Idan motar ba ta shiga aljihunka sai da wata 84, ka sauko zuwa ƙaramar ta. Corolla ma tana kai mutum inda Camry ke kai shi.

Sannan kayan ƙari. Ƙarin garanti, inshorar taya, kariyar fenti, kwantiragin gyara. Za a ce dala hamsin ce kawai a wata. Dala 3,000 da aka cusa a bashin wata 72 a kashi 7 takan zama kusan dala 3,680. Sabuwar Toyota ko Honda tana zuwa da garantin shekara 3 ko mil 36,000, na inji da giya shekara 5 ko mil 60,000. Hyundai tana ba mai saye na farko shekara 10 ko mil 100,000 a kan inji da giya. Camry daga ƙirar 2025 duk mai haɗa fetur da lantarki ce, kuma garantin batirinta shekara 10 ne ko mil 150,000. Babu gaggawar sayen ƙarin garanti a ranar farko. Abu ɗaya da yake da ma'ana ga mai ƙaramin kafin alƙalami shi ne inshorar cike giɓi, wadda suke kira GAP: in motar ta yi haɗarin da ba ta gyaruwa ko aka sace ta, ita ke biyan bambancin abin da inshora ta bayar da sauran bashin. Amma ka tambayi kamfanin inshorarka ko ƙungiyar lamuninka, yawanci ta fi araha a can. Idan aka ce maka sai ka sayi wani abu za a amince da rancen, ka ce a nuna maka a rubuce.

Kada ka tafi da motar sai rancen ya tabbata. Akwai dilolin da kan ba ka makulli, bayan mako ɗaya ko biyu su kira su ce banki bai amince ba, ka dawo ka sa hannu a sabon ruwa mai tsada. Ka duba ko akwai takardar da ta ce cinikin ya rataya ne a kan amincewar banki. In akwai, ka bar motar a wurinsu har a gama. Kuma ka cire wa ranka cewa kana da kwana uku na fasa ciniki. Dokar tarayya ta kwana uku ba ta shafi motar da aka saya a harabar dila ba.

Mataki na biyar: sauya bashi

Sauya bashi shi ne wani mai ba da rance ya biya na farko gaba ɗaya, ka koma biyan sa a kan sabon ruwa. Yana amfani a hali biyu.

Na farko shiri ne tun daga farko. Wani rangwamen ba a ba da shi sai ka ci bashin reshen kamfanin, kuma a ruwan yau da kullum, ba mai sauƙi ba. A ce rangwamen dala 1,500 ne, ruwan kashi 8.9, kai kuma kana da tayin kashi 6 a waje. A kan dala 28,500, bambancin ruwan kusan dala 69 ne a wata. In ka zauna wata uku sannan ka sauya, ka yi asarar kusan dala 200, ka tsira da kusan 1,300 kafin a cire ɗan kuɗin canza suna a takardar mallaka. Dabara ce mai kyau, amma da sharuɗɗa uku. Kwantiragin ya zama babu tarar biya da wuri, kuma akwai layin da ke faɗin haka a fili. Ruwan ya zama irin wanda ake lissafawa a kan sauran uwar kuɗi, ba wanda aka riga aka lissafa gaba ɗaya aka ɗora ba. Sannan ka tambayi wanda zai karɓi bashin ko zai ba ka ruwan sabuwar mota, domin wasu da zarar an yi wa mota rajista sai su sa ta a layin tsofaffi, ruwan ya ɗan ɗaga.

Manajan kuɗi zai roƙe ka ka biya wata uku ko fiye kafin ka sauya. Dalilinsa shi ne in ka biya da wuri, ana karɓe masa rabonsa. Idan ba a rubuta hakan a kwantiragi ko a sharaɗin rangwamen ba, roƙo ne, ba doka ba. Amma in ka yi masa alkawari da bakinka, ka cika. Da ma takardar mallakar takan ɗauki wata biyu zuwa uku kafin ta fito, kuma masu sauya bashi da yawa ba sa motsi sai da ita.

Hali na biyu na wanda ya sayi mota da ƙaramin maki ne, ko sabon zuwa da ba shi da tarihin bashi. Bayan shekara guda yana biya a kan kari, makinsa zai tashi, ya kamata ya nemi sabon tayi. A ce saura dala 24,000, wata 48, a kashi 11. Biyan wata kusan dala 620, jimilla kusan 29,770. In ya sauya zuwa kashi 7 a wata 48 ɗin, zai biya kusan dala 575, jimilla kusan 27,590. Ya tsira da kusan dala 2,190. In kuwa ya bari aka maida shi wata 72, biyan wata zai sauka zuwa kusan dala 409, amma jimillar ta koma kusan 29,460. Kusan duk abin da ya tsira da shi ya tafi. Ka riƙe adadin watannin da suka rage, ko ka rage su. Tsawaitawa ta wanda ya shiga matsi ne yake neman numfashi, shi ma ya san kuɗin da ya saya numfashin da shi.

Wanda ya samu ruwa sifili ko 1.9 ba shi da abin sauyawa. Haka wanda saura shekara ɗaya ya gama, domin yawancin ruwan a farkon wa'adi ake biyan sa. In kuma bashin ya fi darajar motar da yawa, masu ba da rance za su ja baya, sai ka fara rage uwar kuɗin.

Yadda ake yi: ka nemi tsohon mai rancen ya ba ka adadin biya na ƙarshe a rubuce, wanda yakan yi aiki na kwana goma. Ka haɗa lasisin tuƙi, rajistar mota, shaidar inshora, shaidar albashi da lambar VIN, wato lambar shaidar motar. Ka nemi tayi biyu ko uku cikin mako biyu kamar da. Ka ci gaba da biyan tsohon har ka ga a rubuce cewa an rufe shi, domin jinkirin kwana 30 zai shiga rahotonka ya zauna shekara bakwai. Ka sanar da kamfanin inshora sunan sabon mai jingina. GAP ɗin da ka saya a wurin dila yakan mutu da tsohon bashin, don haka ka nemi a maido maka kuɗin watannin da suka rage, ba kullum ake maidowa ba sai an nema.

Akwai kuma sauƙin haraji da ya shigo da dokar da aka sa wa hannu ranar 4 ga Yulin 2025. Daga 2025 zuwa 2028 ana iya cire ruwan rancen sabuwar mota, har dala 10,000 a shekara, daga kuɗin shigar da ake yanka wa haraji, in a Amurka aka harhaɗa motar kuma don amfanin kai aka saye ta. Yana fara raguwa ga mai samun sama da dala 100,000, ko 200,000 ga ma'aurata masu cike takarda tare. Ana harhaɗa Camry a Georgetown ta jihar Kentucky, Accord a Marysville ta Ohio. Lambar VIN da ta fara da 1, 4 ko 5 ta Amurka ce, kuma takardar gilashi tana faɗin wurin harhaɗawa. Kada ka ɗauke shi da girma fiye da yadda yake: wanda ya biya ruwan dala 1,800 kuma yake rukunin harajin kashi 12, dala 216 ce za ta rage masa. Yana iya raba gardama idan zaɓi biyun sun yi kusa, shi ke nan.

Abubuwa uku da suka fi faɗa wa mutanenmu

Aikin Uber ko Lyft. In da shi za ka yi amfani da motar, ka faɗa tun farko. Inshorar gida ba ta ɗaukar haɗarin da ya faru a bakin aikin haya sai an ƙara mata sharaɗi, kuma kwantiragin GAP da na ƙarin garanti da yawa sun cire motar haya. Mil ɗin garanti ma zai ƙare tun kafin shekarunsa.

Tsaya wa ɗan uwa. Idan wani ya ce ka sa masa hannu, ka sani a idon doka bashin naka ne gaba ɗaya. In ya makara, makinka ne zai faɗi, kuma ana iya bin ka ba tare da an fara bin sa ba. Wanda ya fi wannan haɗari shi ne ka ci bashin da sunanka kai kaɗai, kana cewa motarka ce, alhali wani ne zai riƙe ta ya riƙa biya. Wannan yaudarar mai ba da rance ce, kuma laifi ne. In zumunci ya sa ka tsaya wa mutum, a sa sunanka a takardar mallaka, ka samu damar ganin asusun, ku kuma yi yarjejeniya cewa zai sauya bashin zuwa sunansa shi kaɗai idan makinsa ya gyaru.

Tura mota gida. Motar da ake bin ta bashi jingina ce. Kwastan na Amurka ba za su bar ta ta hau jirgin ruwa zuwa Legas ko Kwatano ba sai da takardar mallaka da wasiƙar izini daga mai jinginar, kuma a miƙa takardun aƙalla awa 72 kafin fitarwa. Masu ba da rance ba su cika ba da wannan izinin ba. Wasu dilolin ma sukan sa mai sayen sabuwar mota ya sa hannu cewa ba zai fitar da ita daga ƙasar ba na wani lokaci, da tara in ya saɓa. Mai wannan niyyar ya karanta takardun da wannan idon, ya biya bashin ƙarƙaf, ya jira takardar mallaka ta fito babu sunan kowa a kai sai nasa, sannan ya nemi mai jigila.